Kwalbar Ruwan Inabi da Ta Sake Kai Ni Jidda

Litinin: Illela zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gida, ana yayyafi. Hajara, mai ɗakina, ta riƙo mini jaka har bakin zaure. Jakar ba ta da nauyi. Harami ne a ciki, da riguna uku, da maganin hawan jini, sai cuku guda ashirin da na sayo a kasuwar Ƙonni, irin na Buzaye, busasshe mai faɗi, wanda sawun tabarma ke kwance a jikinsa.

"Malam, in ta ƙi ganinka fa?" in ji Hajara.

"Sai in dawo. Na dai je."

"To, ka gaishe ta. Ka ce ni ma ina gaishe ta."

Mutanen unguwa sun san umara zan tafi, kuma gaskiya ne. Hajara kaɗai ta san ɗaya dalilin. Akwai wata mace a Jidda, sunanta Rabi, 'yar garin nan ce, ita ce matata ta fari. Na sake ta bisa zalunci shekara talatin da huɗu da suka wuce, tana da cikin wata takwas. Yanzu shekaruna saba'in ba ɗaya, likita ya ce zuciyata ta fara gajiya. Na ji tsoron in shiga kabari da haƙƙinta a wuyana, shi ya sa na ɗauki hanya neman gafararta.

Na yi sallah a masallacin tasha. Ƙarfe shida saura kwata motarmu ta tashi, naira dubu uku zuwa Sakkwato, tafiyar kilomita tamanin da 'yan kai. Ƙarfe bakwai da minti ashirin muka isa. Na sha kunu da ƙosai na ɗari biyar, na shiga motar Kano a kan dubu goma sha takwas. Direban wani mai barkwanci ne, yana ɗaga jakata ya shinshina.

"Baba, wannan ƙamshin nono daga nan yake fitowa?"

"Cuku ne."

"Makka za ka kai cuku? Ai su suna da na gwangwani."

"Wanda zan kai wa ya daɗe bai ga irin wanga ba."

Daga Talata Mafara zuwa Tsafe na ƙirga shingen jami'an tsaro tara. A wannan tsakanin kowa ya yi shiru, direba ya kashe rediyo, wata mata a baya tana ta jan carbi. Mun yi azahar da la'asar a Funtuwa, na ci shinkafa da wake na dubu ɗaya da ɗari biyu. Muka bi ta Malumfashi da Gwarzo, ƙarfe biyar da rabi na yamma muka shiga Kano. Na sauka a masaukin da wakilin tafiyarmu ya kama mana a Fagge, mu huɗu a ɗaki.

Abin da ya faru a can baya

Kafin in kai ku filin jirgi, bari in faɗi abin da na yi, don ku san nauyin da na ɗauko.

Ina da shekara talatin da biyu muka je aikin hajji ni da Rabi, muka ƙi dawowa, kamar yadda mutane da yawa suka yi a lokacin. Muka kama ɗaki a saman wani tsohon gida a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, hawa huɗu, rufin kwano. Ni ina dako a kasuwa, ita tana wanki da guga a gidan wasu Larabawa. Shekara uku muna haka.

A shekara ta uku hajji ya faɗo tsakiyar zafi. Wata rana na haɗu da alhazan garinmu su huɗu a kasuwa, suna jiran jirginsu. Murna ta kama ni, na jawo su gida ƙarfe ɗaya na rana, ban aika wa Rabi ba. Kwana biyu kafin nan ta suma a gaban risho saboda zafin ɗakin, matan gidan suka hana ta kunna wuta da rana. Na san da wannan.

Ta shimfiɗa tabarma. Ta kawo gurasa, da farin cuku, da zaitun, da tumatir, da inabi. Sai ta ɗauko wata kwalba da uwar ɗakinta ta ba ta da sallah. Ta ɓoye ta kwana da kwanaki cikin tulu don ta yi sanyi, ba ta yarda ko ni in taɓa ba. Koriya ce mai dogon wuya, an naɗe bakinta da takarda ruwan zinariya. Da aka buɗe ta yi ƙara, kumfa ya taso.

Kun san yadda muke. A wurinmu ba a ce an karrama baƙo sai an ɗora masa tukunya. Tun da aka ajiye abincin na ga suna kallon juna, kunya ta riga ta kama ni. Sai babbansu, wani malami da ake jin maganarsa a gari, ya ja da baya ya ce, "Ilu, wannan ai kwalbar giya ce. Na ga irinta a Legas hannun Turawa." Suka miƙe suna a'uziyya. Ban tambaye ta ba. Ban ɗauki kwalbar na duba ba. Na sa ƙafa na shure faranti, na ce na sake ta, na bi baƙina muka sauka.

Bayan kwana biyu na shiga shagon wani mutumin Yaman kusa da Bab Makka. Ga kwalaben nan jere kusa da madara. Na tambaye shi, ya yi dariya, ya nuna mini rubutun Larabci a jiki. Na yi allo, na iya haɗa baƙi. Ruwan inabi ne, ba barasa a ciki, har yara ake saya wa.

Ina da mako uku da zan iya mayar da ita kafin ta haihu idda ta cika. Sau biyu na je gindin benen na tsaya, na kasa hawa. Ina tunanin me za a ce, namiji ya yi magana gaban malamai ya dawo yana ba da haƙuri. Ta haifi 'ya mace, ban je suna ba. Bayan wata biyu aka kama ni ba iƙama, wato takardar zama, aka sako ni jirgi.

Na tarar labari ya riga ni zuwa Illela. Mahaifiyarta, Inna Ladi, ta zo har zaurenmu ta durƙusa ta ce, "Ilu, don Allah, gaskiya ne?" Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, haka Allah Ya ƙaddara." Ta ɗauka na ce e. Gari ma haka ya ɗauka. Na bar shi a haka.

Talata: Kano zuwa Makka

Ƙarfe biyar da rabi muka isa filin jirgi. Na yi wanka na ɗaura harami tun a masauki, don jirgi zai wuce miƙati muna sama. Tara saura minti ashirin muka tashi. Mun yi kusan awa biyar, muka sauka Jidda ƙarfe uku da rabi agogonsu, don sun riga mu da awa biyu.

Na shiga layin duba fasfo. Na ce ko na'urar yatsu za ta tuna an taɓa kora ta daga ƙasar nan. Na ɗora yatsu, saurayin ya dube ni, ya buga hatimi. Mai duba kaya ya buɗe ledar cuku, ya jujjuya guda ɗaya, ya tambaye ni da Larabci mene ne wannan.

"Esh hada, ya hajj?"

"Jubna," na ce, wato cuku. Kalmar ta fito da kanta, ashe tana nan.

"Halas, yalla."

Da ƙofar fita ta buɗe, iskar Jidda ta rufe mini fuska kamar an buɗe tukunyar tuwo. Na manta da irin wannan zafi mai jiƙa riga. Bas ta kai mu Makka cikin awa ɗaya da rabi. Na huta, na yi umarata washegari bayan asuba. Ba zan tsawaita a kan kwana biyun da na yi a Harami ba. Na roƙi Allah gafara har murya ta dushe, amma tun muna yara aka koya mana cewa haƙƙin mutum sai mutum ya yafe.

Juma'a: Makka zuwa Ammariyya

Ƙarfe takwas na safe na shiga tasi ta haɗaka, riyal talatin, kilomita tamanin zuwa Jidda. Ƙarfe tara da rabi aka sauke ni a unguwar Ammariyya, bakin shagon Malam Bawa tela. Shi ne abokin da na kwana wurinsa bayan na saki Rabi. Bai taɓa komawa gida ba, ya sami kafili, wato Balaraben da ya tsaya masa a takarda, ya yi iyali. Shi na roƙa ta waya ya nemo mini ita.

Ya ɗago daga keken ɗinki, ya sauke tabarau.

"La ilaha illallahu! Ilu, wa ya zuba maka toka a gemu?"

"Wanda ya kwashe maka haƙora."

Muka rungumi juna, muka yi kuka kaɗan, muka yi dariya. Muka je masallaci a ƙafa, tafiyar minti goma, amma kafin mu dawo rigata ta manne da baya kamar an watsa mini ruwa.

Iyalinsa sun tafi ziyara Ɗa'ifa gudun zafi, shi kaɗai ne a gida. A hanya ya tsaya wurin wani mai gasa gurasa ya sayi biyu, ya shiga shago ya fito da leda. Duka riyal ashirin da biyu. A ɗaki ya kunna na'urar sanyi, ya shimfiɗa leda a ƙasa, ya fara jerawa. Farin cuku mai gishiri, zaitun baƙi, kokwamba, inabi da ya fito daga firji yana raɓa. Daga ƙarshe ya ajiye kwalba koriya mai dogon wuya.

Na dube ta, na dube shi.

"Bawa, da gangan ka yi?"

"Wallahi kullum haka nake ci in zafi ya yi zafi. Wa zai kunna maka wuta a wannan rana? Ko sarki ne kai? Sa hannu."

Na sa hannu. Na yagi gurasa, na danna cuku a ciki, na haɗa da zaitun. Gishirin cukun ya kama harshe, sai na jefa inabi biyu, suka fashe da sanyi da zaƙi, suka wanke gishirin. Bawa ya buɗe kwalba, ta yi irin ƙarar nan, ya zuba mini a kofi. Yana da ɗan tsami, yana tsikarar maƙogwaro, sanyinsa na sauka har ciki. Na ba shi cukun Ƙonni guda uku, ya karya ɗaya muka haɗa. Namu ya fi tauri, ya fi ƙamshin nono, kuma da ruwan inabin ya tafi daidai kamar don shi aka yi.

Na ci na ƙoshi, jikina bai yi nauyi ba, gumi bai karyo mini ba. Ban taɓa cin abincin rana mai daɗin wannan a ƙasar zafi ba. Kuma kowace loma da na haɗiye sai na tuna irinsa aka ajiye mini na shure da ƙafa.

"Ashe haka yake," na ce.

"Haka yake tun da can. Kai ne ba ka tsaya ka ɗanɗana ba."

Sai ya ba ni labari. Bayan shekara huɗu Rabi ta auri wani haifaffen Jidda, jikan mutanen Katsina, shi ya yi mata takarda, ya riƙe yarinyar kamar tasa. Ya rasu shekara shida da suka wuce. Tana zaune a unguwar Bani Malik da 'yar tamu, wadda ke aiki a wani kantin magani. Sau uku Bawa ya je kafin ta yarda.

"Gobe bayan azahar. Ta ce ka zo da ni, kada ka zo kai kaɗai."

Asabar: Balad da Bani Malik

Da safe ƙarfe bakwai, kafin rana ta yi ƙarfi, na taka zuwa Balad, minti ashirin. Na gane gidan da tagoginsa na katako. An gyara fuskarsa, an kulle ƙofa, wasu baƙi suna ɗaukar hoto a gabansa. Na ɗaga kai na hango inda ɗakinmu yake, an cire kwanon. Na tsaya daidai inda na taɓa tsayawa sau biyu. Matakalar da ta gagare ni ba ta fi taku sittin ba.

Ƙarfe ɗaya da kwata muka shiga tasi ni da Bawa, riyal ashirin da biyar, minti ashirin zuwa Bani Malik. Gida hawa na uku. Wata mace doguwa cikin baƙar abaya ta buɗe ƙofa. Goshina ne a fuskarta, har da ɗan layin da ke tsakanin gira. Sa'adatu kenan. A garinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari saboda kunya. Ni ban kira nata ba ne don sai da ta shekara bakwai na ji sunan a bakin wani alhaji.

"Tafaddalu," ta ce, ta kauce.

Rabi tana zaune a ƙarshen falo kan kujera, sanda a gefenta. Ta yi ƙiba, ta yi fari, amma idon nan nata bai canza ba.

"Sannu da zuwa, Alhaji Ilu. An sha hanya."

"Hajiya, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Sa'adatu, kawo musu abinci."

Aka ajiye tire a gabanmu. Da aka buɗe kwano tururi ya tashi. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, da naman rago.

"Tun ƙarfe tara nake bakin wuta," in ji Rabi. "Na ce kada baƙon Illela ya sake tashi da yunwa a ɗakina."

Bawa ya yi tari, ya dubi silin. Sa'adatu ta ce, da Hausarta mai nauyi, "Daktor ya hana ta tsayuwa. Na ce mu saya a waje, ta ce la, a'a, sai ta dafa."

Na yi loma uku kawai. Na wanke hannu, na sauko daga kujera na durƙusa a kan kafet.

"Hajiya, ba abinci ya kawo ni ba. Na zalunce ki. Na sake ki ba ki yi laifin komai ba. Kwana biyu da yin abin na ga kwalbar a shago, na karanta da idona, na san ruwan inabi ne. Na kasa hawowa in gaya miki. Ki yafe mini don Allah."

Ta ɗago ta dube ni.

"Ka sani?"

"Na sani."

"Tun kafin in haihu?"

"Tun kafin."

Ta ajiye carbinta a cinya. "Shekara talatin da huɗu ina ce wa ɗiyar nan, ubanki ba mugu ba ne, rashin sani ne, bai taɓa ganin irin kwalbar ba. Da wannan na rarrashe ta, da shi na rarrashi kaina. Ashe kana gindin bene da saninka."

Na zo da zaton gaskiya za ta sauƙaƙa mini, sai na ga na ƙwace mata ɗan uzurin da ta riƙe mini duk shekarun nan.

"Inna ta zo wurinka, an gaya mini. Mi ka ce mata?"

Na faɗa mata kalma da kalma.

"Ta rasu tana zaton na sha?"

"Ban taɓa warware mata ba."

Sa'adatu ta ce wani abu da Larabci da sauri, uwar ta ɗaga mata hannu.

"Na aika wa Inna wasiƙa biyu, na yi rantsuwa. Amma malami ya faɗa, miji bai musa ba, wa zai ji ta mace da ke bayan teku? Alhaji Ilu, sakin ba ya damuna yanzu. Allah Ya musanya mini da mutumin kirki. Sunana da ka bari a ƙasa a garin ubana, shi ke damuna. A nan ba wanda ya san zancen, durƙuson da ka yi a nan ba ya wanke komai. Ka koma Illela. Ka tsaya gaban yayana Haruna, ka tsaya gaban mutane, ka faɗi abin da ka faɗa mini, har da kwana biyun. In ka yi, Haruna zai gaya mini. Sa'an nan mu yi maganar yafiya."

"Zan yi, in Allah Ya kai ni."

"Tashi ka zauna. Gwiwar tsoho ba ta son ƙasa."

Na juya wurin Sa'adatu. Na shirya magana tun daga Kano, ta gudu. Ita ta riga ni.

"Ya hajj, ni ban san ka ba. Abuya, babana, shi ne wanda ya kai ni makaranta, ya rasu, Allah yarhamu. Ba na fushi. Bas, sai dai ba ni da abin da zan ba ka."

Aka kawo shayi. Na tura ledar cuku gaban Rabi, na ce Hajara na gaishe ta. Ta buɗe, ta ɗauki guda ta kai hanci, ta rufe ido.

"Na garin Abalak ne?"

"Haka mai sayarwa ya ce."

Ta karya, ta tsoma a shayi don ya yi laushi, ta ci a hankali. Ta miƙa wa 'yarta ɓari. Sa'adatu ta tauna, ta yamutsa fuska, ta ce kamar fatar takalmi. Uwar ta yi dariya har da hawaye.

"Ke ba ki san daɗi ba. Da wanga aka yaye ni." Ta dube ni. "Amma Alhaji, wanga ai rana ta busar da shi, bai ga wuta ba. Ya aka yi ka kawo wa mutane?"

Bawa ya fashe da dariya. Ni ma na yi, ido na zuba. Ƙarfe uku da minti goma muka sauko. Sa'adatu ta raka mu bakin ƙofa, ta ce, "Ma'assalama, ya hajj." Ta rufe.

Lahadi zuwa Alhamis: Madina da hanyar gida

Lahadi ƙarfe bakwai na safe na shiga bas zuwa Madina, sama da kilomita ɗari huɗu, muka isa kafin azahar. Na yi kwana biyu, na yi ziyara, na dawo Jidda ran Talata. Bawa ya kai ni filin jirgi Laraba da hantsi. Na yi ta waiwaye a bakin ƙofa ko zan ga doguwar mace cikin abaya.

"Daina juya wuya," in ji Bawa. "Tana wurin aiki. Ko ba ta wurin aiki ma ba za ta zo ba."

Mun sauka Kano ƙarfe huɗu na yamma, na kwana a Fagge. Alhamis ƙarfe shida na safe na kama hanya, ruwa ya tare mu a Gusau kusan awa guda. Ana kiran magariba na shiga Illela. Hajara ta karɓi jaka, ta dubi fuskata, ba ta tambaye ni komai ba sai da na ci abinci.

Juma'a: Illela

Da safe na je gidan Malam Haruna. Rabona da zaurensa tun rasuwar Inna Ladi. Na faɗa masa duka. Ya saurara yana kallon ƙasa.

"Ka makara, Ilu. Inna ta yi shekara goma sha ɗaya ba ta shiga gidan biki, don kada a nuna ta. Ƙanwarmu ta ƙarshe, mutum biyu suka fasa neman aurenta a kan zancen nan. Ka san da haka?"

"Na ji a lokacin."

"Ka ji." Ya girgiza kai. "To, je ka faɗa."

Bayan sallar la'asar na nemi izinin liman a masallacin unguwa, na miƙe. Na ce ni Ilu na yi wa Rabi 'yar Inna Ladi ƙazafi da shiruna. Na ce abin da ta ba baƙina ruwan inabi ne na halal, na sani tun kwana biyu da yin abin, na ɓoye don girman kai. Na faɗa sau biyu don na baya su ji.

Masallacin ya kusa cika, amma waɗanda suka san Rabi ba su fi mutum biyar ba. Na ji wani yana tambayar na kusa da shi, "Wace Rabi?" Alhazan nan huɗu duk sun rasu. Mutanen da ya kamata su ji wannan magana suna maƙabarta, na tsaya ina gaya wa jikokinsu.

Hajara ta ce zancen a bakin mata ya fi daɗewa, don haka ta ɗauki mayafi ta bi gidajen tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, kwana uku tana yi. Ran Talata Malam Haruna ya zo da kansa, ya tsaya a bakin zaure, ya ƙi zama.

"Na yi waya da ita. Ta ce ta ji, ta yafe. Ta ce ɗiyar kuma kada ka matsa mata."

Ya juya ya tafi. Na shiga ɗaki na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, Ya ara mini kwana har na faɗi wannan da bakina. Na gode wa Malam Bawa da ya yi sawu uku saboda ni, da Hajara da ta ɗauki kunyar da ba tata ba ta shiga da ita gida gida. Na gode wa Hajiya Rabi, wadda ta ba ni abin da ban cancanta ba. 'Yata ba ta kira ni ba, ni ma ban kira ta ba, tunda haka aka ce mini.

'Yan Illela da ke Sakkwato, da Legas, da Ƙonni, duk wanda ya taɓa jin zancen nan daga bakin iyayensa, na roƙe shi ya karanta wa na kusa da shi wannan takarda. Rabi 'yar Inna Ladi ba ta sha giya ba, ba ta ba kowa ba. Ni na yi ƙarya.